Wutar Rana Aikin Baitulmali Ce

Akwai ayyukan da mutum ya ke yi wa kansa, akwai kuma waɗanda ba su yiwuwa sai gari ya taru. Magidanci shi ya ke yaɓe rumbunsa, shi ya ke gyara dangar gidansa, ba mai cewa Gwamnati ta zo ta yi masa. Amma rijiyar gari, da hanyar mota, da gada, da asibiti, da makaranta, kowa ya san sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Domin irinsu a ke karɓar haraji, domin su kuma aka kafa baitulmali.

To, yau ga wani aiki ya zo wanda ya ke cikin wannan jeri, watau gina wa ƙauyuka da kasuwanni tashar wutar lantarki mai aiki da hasken rana. Amma har yanzu akwai waɗansu masu faɗa a ji, cikin ma'aikata da 'yan majalisa da attajirai, waɗanda in an ta da maganar sai su ce ba kuɗi, ko su ce a bar wa 'yan kasuwa, ko su ce ai hayaƙin duniya damuwar Turawa ce. Waɗannan mutane sun yi kuskure, kuskuren nasu kuwa talaka ne ya ke biyan kuɗinsa kowace rana. Ya kamata a bi maganganunsu ɗaya ɗaya a auna, amma tukuna sai a duba halin da a ke ciki.

HALIN DA A KE CIKI

A cikin 1968 aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, mutane suka yi murna, suna tsammani duhu ya ƙare. Bayanta aka gina ta Jebba da ta Shiroro, aka kuma kafa manyan tashoshi masu ƙona iskar gas a Kudu. Duk da haka, shekara da shekaru wutar da a ke rarraba wa ƙasa duka tana kai da kawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. Megawat shi ne mudun da a ke auna ƙarfin wuta da shi. Wannan ɗan abin bai ishi birane ba, balle a yi zancen ƙauye. A cikin 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 85 ne a Nijeriya wayar wuta ba ta kai gare su ba ko kaɗan, mafi yawansu kuwa mutanen karkara ne.

Wanda waya ta kai gare shi ma ba shi da tabbas. A watan Oktoba na 1924 ba wanda ya san lantarki a yawancin garuruwan Arewa, a watan Oktoba na 2024 kuwa aka koma kusan gidan jiya, gama ɓarayin daji sun lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya biyo ta Makurɗi shi ma ya sami matsala, sai yawancin jihohin Arewa suka kwana cikin duhu fiye da mako guda. Injin niƙa ya tsaya, ƙanƙara ta yi tsada, kifi da nama suka ruɓe a hannun masu sayarwa, asibitoci suka ƙone kuɗin magani wajen sayen mai. Abin da aka koya a nan shi ne, garin da ya rataya rayuwarsa ga waya guda mai tsawon ɗaruruwan mil, ran da ta tsinke ba shi da ta cewa.

Abin da ya cike gurbin wutar Gwamnati shi ne janareto. Tela da mai walda da mai aski da mai cajin waya, kowa da nasa a bakin rumfa yana ruri, yana tuttuɗo hayaƙi. Manomin rani a fadamun Haɗeja da na Sakkwato shi ma da injin fetur ya ke jawo ruwa. Da can a kan daure, domin mai yana da araha. Amma ran 29 ga Mayu 1923 ba ita ce ranar da talaka zai tuna ba, ran 29 ga Mayu 2023 ce, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da a ke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Waɗansu manoma suka rage faɗin gonarsu, waɗansu suka juya injinsu ya koma shan iskar gas ta girki, waɗansu masu sana'a suka rufe rumfa. Ban da wannan, sau nawa a ke jin labarin iyali sun kwanta da janareto a zaure ko a kusa da taga, gari ya waye ba wanda ya tashi?

HAYAƘI DA ZAFIN DUNIYA

Ɓarnar janareto ba ta tsaya ga aljihu da ƙirji ba. Duk abin da aka ƙona, ko fetur ko dizal ko gawayi ko itace, ya kan fitar da wata iska wadda ido ba ya gani, masana suna kiranta iskar kabon. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone ta kan saki fiye da kilo 2 na wannan iska. Ba ta kuwa ɓacewa da wuri, sai ta hau sama ta taru, ta zama kamar bargo a kan duniya, hasken rana ya shigo, zafin ya kasa fita duka. Tun da aka fara ƙona gawayin ƙasa da mai a masana'antu bargon nan ya ke ƙara kauri, har a 2024 aka yi zafin da ba a taɓa rubuta irinsa ba tun da aka fara ajiye lissafi.

In iska ta yi zafi ta kan ɗauki ruwa da yawa, sa'an nan ta juye shi gaba ɗaya. Shi ya sa damina ta ke rikicewa, a yi ta jiran ruwa shuka tana ƙonewa, in ya zo kuma ya zo da rushe gidaje. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan guda da gidajensu. A watan Satumba na 2024 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Alau, ya ci babban sashe na birnin Maiduguri.

Waɗansu su kan ce ruwa da zafi ai na Allah ne. Haka ya ke, babu shakka. Amma ciwon agana ma da ikon Allah ya ke kama mutum, duk da haka aka bi gari gari aka yi wa mutane lamba, har Allah ya kawar da ita daga duniya, aka yi shelar haka a 1980. Ɓarnar da hannun ɗan Adam ya yi, an ba shi hankalin da zai gyara ta.

YADDA TASHAR GARI TA KE

Tashar wutar rana ba abu ne mai wuyar ganewa ba. A kan sami fili a gefen gari a jera waɗansu farantai baƙaƙe masu ƙyalli, waɗanda jama'a ke kira sola, suna fuskantar sama. In rana ta haska su sai su mai da hasken lantarki. Abin da aka sha da rana an sha, saura kuma a tara shi cikin manyan batura domin dare. Daga nan a kafa turaku a ja waya zuwa gidaje da rumfuna da masallaci da ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse, kowa a sa masa mita, ya biya gwargwadon abin da ya sha. Ba ruwan wannan tasha da Kainji ko Shiroro. In babban layi ya tsinke, ita tana nan tana aiki.

Farantan nan su kan yi shekara 20 ko fiye suna aiki, ba su shan mai, ba su fitar da hayaƙi, abin da su ke bukata shi ne a riƙa share musu ƙura, musamman da hunturu. Batura ne ba su kai haka ba, tilas a sake su bayan waɗansu shekaru. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin farantai ya faɗi a kasuwar duniya da wajen kashi 90 cikin 100. Rana kuwa, ba sashen Nijeriya da ya kai Arewa samunta. Abin da manomi ya ke gudu ya shiga inuwa, shi ne dukiyar da a ke magana.

To, in haka ne, me ya hana kowane ƙauye ya yi tasa? Abin da ya hana shi ne, kuɗin janareto kaɗan kaɗan a ke biyansa, yau lita biyu, gobe lita uku, amma kuɗin tashar rana kusan duka a rana ɗaya a ke zuba shi, tun ba a ga haske ba. Talaka yana iya neman na lita biyu kullum har ya tsufa, ba ya iya tara na shekara ashirin a wuri ɗaya. Ga shi kuwa in aka haɗa lissafi, na kullum ɗin nan ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wannan rami da ke tsakanin abin da ya fi araha da abin da hannu zai iya kaiwa, shi ne baitulmali ya kamata ya cike.

MASU CEWA BA KUƊI

Wannan ita ce maganar da aka fi ji, ita ce kuma ta fi rauni. A cikin shekarar 2022 kaɗai, abin da aka kashe wajen tallafin man fetur ya haura naira tiriliyan 4. Tiriliyan ɗaya kuwa miliyan sau miliyan ke nan. Kuɗin nan duka ya bi ta bututun hayaƙi ya tashi sama, bai bar ko turke ɗaya a tsaye ba, wanda ya fi cin moriyarsa kuma shi ne mai motoci uku a birni da mai tsallakar da mai zuwa ƙasashen maƙwabta. Ƙasar da ta iya ƙona wannan dukiya a shekara guda ba ta da bakin cewa ba ta da abin gina wa ƙauye wuta.

Da aka janye tallafin, kason da Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi su ke rabawa kowane wata ya ƙaru ƙwarai. An ce wa talaka ya yi haƙuri, kuɗin zai dawo masa ta wata hanya. To, wace hanya ce ta fi dacewa da wadda za ta raba shi da sayen man da aka tsauwala masa? Wanda aka karɓe wa jaki aka ce za a musanya masa, ba buhun shinkafa na kwana uku ya ke jira ba, abin hawa ya ke jira.

Ba a ce ba a yi kome ba. Dokar 2005 ta kafa Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 350 domin wannan aiki, Bankin Raya Afirka ya ƙara miliyan 200, da kuɗin nan aka buɗe tashar ƙauyen Rokota a Jihar Neja a ƙarshen 2019, waɗansu suka biyo baya. A 2018 aka fara sa wa rumfunan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar rana, a 2019 aka buɗe tasha mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 750, da nufin a kai wuta ga mutum miliyan 17 da rabi. Duk wannan abin yabo ne. Amma mai karatu ya lura, mafi yawan kuɗin nan rance ne daga waje. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Aikin da ya dogara ga baƙo, ran da baƙo ya naɗe tabarmarsa aikin ya tsaya. Sai Gwamnati ta sa nata kuɗin cikin kasafin kowace shekara, kamar yadda ta ke sa na hanya da na albashi, sa'an nan za a san da gaske ta ke.

Jihohi kuma ba su da sauran mafaka. Da su kan ce wuta aikin Tarayya ne, doka ta ɗaure musu hannu. A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba kowace jiha ikon ta samar da wuta ta rarraba a cikin iyakarta. Gwamnan da ƙauyukansa su ke cikin duhu yanzu, ba doka ce ta hana shi ba.

MASU CEWA A BAR WA 'YAN KASUWA

Waɗannan su kan ce in abin yana da riba, ai ɗan kasuwa zai zo da kansa. Gaskiya ne zai zo, amma ina zai sauka? Zai sauka inda akwai kuɗi, a unguwar ma'aikata da babbar kasuwa da gidan attajiri. Yau duk wanda ya zaga unguwannin masu hali a Kano ko Kaduna zai ga farantai a kan rufi, ba wanda ya roƙe su. Ƙauye mai gida ɗari biyu a ƙarshen hanyar burji, wanda mutanensa ba su ganin kuɗi sai da kaka, ba ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a can ya jira shekara goma. In kuwa ya zuba da kuɗin da ya ranto daga banki da ruwa mai yawa, tilas ya sa farashin da talaka ba zai iya ba. Ba laifinsa ba ne, haka kasuwa ta ke. Kasuwa ba ta taɓa haƙa wa ƙauye rijiya ba.

Ko ƙasashen da a ke kafa hujja da su ba haka suka yi ba. A Amurka, uwar 'yan kasuwa, a wajen 1935 gona ɗaya ce cikin goma ke da lantarki, domin kamfanoni sun ce ja wa manoma waya hasara ce. Sai Gwamnatinsu ta kafa hukuma, ta riƙa ba ƙungiyoyin gama kai na manoma rance mai sauƙi, suka kafa turaku da kansu. Kafin shekara ashirin gona tara cikin goma ta sami wuta.

Ba sai an je nesa ba ma. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wajen 1931, baitulmalin En'e ne ya biya kuɗin aikin ruwan famfo da wutar lantarki na birnin Kano. Da fari mutane da yawa sun yi ɗari-ɗari da abin, daga baya kowa ya nemi a kai masa. Da magabata sun ce a jira ɗan kasuwa, da an daɗe ana shan ruwan kududdufi.

Wannan ba ya nufin a kori kamfanoni. Su ne ke da ma'aikata da gwaninta. Abin da a ke cewa shi ne Gwamnati ta ɗauki babban kaso na kuɗin gini, kamfani ya gina ya riƙa gudanarwa, jama'a su biya kuɗin abin da suka sha a kan farashin da aka yi yarjejeniya a gaban kowa. Kada kuma a biya kamfani sai an je an ga wuta tana ci a gidajen da ya ce ya haɗa.

MASU CEWA LAIFIN TURAWA NE

A cikin maganar waɗannan akwai gaskiya. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan al'amari tsuntsun yana cikin soro, wanda bai ja ba shi ke jiƙewa. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawari a birnin Kwafanhegan za su riƙa ba da dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, da yawa daga ciki ma bashi ne. Wajibi ne shugabannin Afirka su ci gaba da bin wannan hakki ba tare da jin kunya ba.

Amma wanda maƙwabcinsa ya jawo masa gobara ba ya zama ya naɗe hannu ya ce ba zai ɗebo ruwa ba sai an yi shari'a. Ko da a ce ba wani bargo a sama, tashar rana ta fi janareto araha, ta fi shi lafiya, ba ta kashe mutum a cikin barci. Rage hayaƙi riba ce ta biyu a kan ta fari. Har wa yau, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 2015, a 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya a birnin Gilasgo ya ce kafin 2060 ƙasar za ta daina ƙara wa sama hayaƙi, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Ba wanda ya tilasta wa Gwamnati ta faɗi haka. Tun da ta faɗa, alkawari kaya ne, kuma da turaku da farantai a ke sauke shi.

Cewa kuma aikin rana baƙon tunani ne, wannan rashin sanin tarihi ne. A Jamhuriyar Nijar, Malam Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda aka sa wa Jami'ar Yamai sunansa, a 1969 ya fara shugabantar ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasarsa, yana ƙera na'urori, tun yawancin Turawa ba su mai da hankali ga abin ba. Mutanen Nijar sun ga amfanin maganarsa a 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan ta ke zuwa. A shekarar ce tashar rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki kusa da Yamai, ta rage musu raɗaɗi.

MASU CEWA KAYAN GWAMNATI BA YA ƘARKO

Wannan ita ce magana mai nauyi, ba kuwa za a kauce mata ba. Wa bai ga fitilun rana na kan titi ba, waɗanda ɗan majalisa ya kafa gab da zaɓe, da hotonsa a jiki, suka yi wata shida suka mutu, suka zama wurin hutawar tsuntsaye? Wa bai ga rijiyar burtsatse an sace farantanta ba? A Lambar Rimi ta Jihar Katsina, tun 2005 aka ƙudura aikin samar da megawat 10 daga iska, aka kafa dogayen turaku 37 masu farfela, shekara goma sha biyar ta wuce ana ɗaga ranar buɗewa. Mai wannan magana idonsa ya gani, ba za a ce ya yi ƙarya ba.

Amma sai a tambaya, me ya kashe su? Rana ba ta daina fitowa ba. Abin da ya kashe yawancin fitilun nan shi ne an ba da kwangilar saye, ba a yi tanadin gyara ba. Ba a tambayi mutanen gari abin da su ke bukata ba, ba a koya wa ko yaro ɗaya sake batir ba, ba kuma wanda abin ya ke hannunsa. Abin da ba shi da mai shi kuwa, na ɓarawo ne. In ɗan kwangila ya gina gada ta rushe, ba a cewa daga yau an daina gada, kowa ya yi iyo. Ɗan kwangilar a ke kamawa, a gyara yadda a ke ba da aiki.

Saboda haka kuɗin baitulmali ya zo da sharuɗɗa. Na ɗaya, a fara da abin da ke kawo abinci da lafiya, watau ɗakin shan magani inda allurar rigakafi ke bukatar sanyi, inda mata ke haihuwa da hasken tocila, da rijiya, da injin niƙa, da injin ban ruwa, da rumfunan masu sana'a. Tashar da ta ke juya injin niƙa ta kan biya kuɗin kanta, wadda ta ke kunna ƙwai kaɗai da wuya ta yi haka. Na biyu, tun ran gini ran zane, a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai yi gyara, a kuma buɗe asusun da za a riƙa tara kuɗin sabon batir. Na uku, kowa ya biya abin da ya sha, ko dagaci ne ko ɗan siyasa, gama wutar kyauta ita ce wadda ta fi saurin mutuwa. Na huɗu, a koya wa samarin garin aikin, kada waya ta tsinke a jira mutum daga Legas. Na biyar, a kafa allo a bakin tasha a rubuta da Hausa kuɗin da aka kashe, da sunan kamfani, da farashin wuta, yadda kowa zai karanta.

AIKIN WAƊANDA SUKA YI KARATU

A nan ne maganar ta iso ga waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Allon da aka kafa a bakin tasha ba shi da amfani sai da mai karanta shi. Mutumin da ya koyi karatu da rubutu da lissafi bayan ya girma, ya san darajar abin da ya samu fiye da kowa, shi ne kuma ya fi cancanta ya riƙe littafin kuɗin kwamitin wuta na garinsu, ya duba mita, ya karanta wa jama'a yarjejeniya a dandali kafin dattawa su dangwala hannu. Mata ma kada a bar su a baya, gama su ne ke surfe da daka da jan guga, su suka fi kowa sanin abin da injin niƙa da famfo za su ɗauke.

Irin waɗannan mutane su taru su rubuta wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarsu takarda, su ajiye kwafi. In mai neman ƙuri'a ya zo, kada a tsaya ga atamfa da sabulu, a tambaye shi nawa aka sa wa wutar karkara cikin kasafin bana, nawa aka fitar, wane gari aka yi wa. Wanda ya iya amsawa an san ya yi aiki. Wanda ya kama kame-kame, shi ma an san matsayinsa.

Tashar rana ba za ta dafa tuwo ta hana saran itace gaba ɗaya ba, ba za ta kashe wutar iskar gas da a ke ƙonawa a banza a rijiyoyin mai na Kudu ba, waɗannan kowanne da nasa magani. Amma za ta kashe janareto dubbai, ta bar kuɗin mai a aljihun manomi, ta ba ungozoma haske, ta bar ɗalibi ya yi bita da dare. Dabarar tana nan, farashinta ya faɗi, doka ta buɗe hanya, kuɗin da a ke ƙonawa da ya dawo hannun mahukunta. Abin da ya rage shi ne su ware shi, jama'a kuma su tsare shi. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba talakawa ƙarfin halin tambaya, amin.